Taku Talatin da Bakwai

Akwati biyu Baba ya taho da su daga Jidda
shekarar da aka haifi Tasalla:
kwamfuta Sakhar biyu, ɗaya ta aiki,
ɗaya don tsoron kada 'yar'uwarta ta mutu.
Nan Gadarif suka tsufa a saman kabad,
bayan buhun riɗi da tsofaffin rasiɗan shago.

Da ciwo ya ɗaure wa Baba harshe,
ya bar masa ido biyu da yatsa ɗaya,
sai na sauko da su, na hure, na goge musu haƙora.
Ɗaya gefen angarib ɗinsa,
ɗaya a shago, taku talatin da bakwai.
Waya mai jijiya uku ta bi gindin katanga,
ta zagaye randa, ta shiga ta taga.

Waya dai an ja.
To da wane baki za su yi magana?

Tasalla ta ce Besik.
"Shi suka sha a nono," in ji ta,
"kana kunnawa yana ce maka bisimilla."
Ba ta yi ƙarya ba. Layi na goma, layi na ashirin,
koma na goma.
Sai dai tafiyarsa ta jakin mai ruwa ce da azahar.
Na aika "sannu", "snu" ta iso,
sauran sun zube a tsakar gida.

Mu'utasim mai gyaran salula ya kurɓi jabana,
ya ce, "Si. Harshen manya ke nan."
Na gwada.
Ashe baƙo ne mai zuwa da tafinta,
tafinta da tabarmarsa, da tukunyarsa, da surukai,
ga ɗakin ƙwaƙwalwar kilo sittin da huɗu kacal.
Faifai ba mu da shi, sai kaset,
minti shida yana kukan gyare,
wuta ta ɗauke a na biyar.

Na ukun ba wanda ya ba ni shawararsa.
A wani littafin Baba na tsince shi, marar bango,
gefen shafi duk fensirinsa:
harshen inji, tsirara.
Ɗauko. Ajiye. Ƙirga. Koma.
Ba ya gaisuwa, ba ya yafiya.
Ka kuskure lamba ɗaya,
allo ya yi shuɗi ya zuba maka ido
kamar wanda ka kira da sunan kishiyar garinsu.
Dare goma sha ɗaya ina ƙirga bugun zuciyar ƙarfe
yadda Inna ke tsince tsakuwa a riɗi.

A ƙarshe ban zaɓi ɗaya ba.
Ina ni ina zaɓen ɗaya,
mu da ke ciniki da Larabci
mu kori akuya da Hausa?
Na zaunar da Besik a zaure yana tarbar haruffa,
harshen inji kuwa na ɗora shi kan waya,
ɗan aike marar surutu, mai ƙafa.

Talata, bayan la'asar,
ina auna wa wata mata gishiri, allon shago ya motsa.
Harafi ɗaya.
Shiru.
Wani harafin.

Madannan na Larabci ne,
na zaci Larabcin zai zo,
wanda ya shekara hamsin yana taya kaya da shi.
Na karanta da ido, ban gane ba.
Na karanta da baki, sai na ji ta:
ajami ne, Hausar kakarsa,
wadda ta taka ƙasa daga yamma ba ta kai Makka ba.

"Shayin ba sukari."

Matar tana jiran canjinta, ni ina tsaye da mudu.
Yatsan bai gama ba.
Harafi, harafi, ba wanda ya faɗi a hanya:

"Wa ya taɓa mini littafi?"